Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhaji: amsar tambayarka kan tarihin ma'aikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya, ina so in amsa tambayar da ka yi mini a taron dattawan unguwarmu a nan Gadarif, a ƙasar Sudan. Ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tara matasa ina koya musu tarihin ƙungiyoyin ƙwadago alhali ƙasa tana cikin yaƙi, ka ce wannan tarihi na 'yan gurguzu ne da 'yan bokon Khartum, babu rabon Bahaushe a cikinsa, kuma mai rauni da ya ce sai hukuma ta buɗe masa littattafan lissafinta jafa'i kawai yake jawo wa kansa da danginsa. Tun da a gaban jama'a ka yi tambayar, a gaban jama'a ya dace a ba da amsa, kuma na zaɓi rubutu domin kada zafin baki ya sa in faɗa wa babba abin da bai kamata ba.

Zan fara da inda kake da gaskiya, domin tana da yawa. Ƙungiyar ƙwadago a ƙasar nan a Atbara aka haife ta, hedikwatar jirgin ƙasa, inda ma'aikata suka kafa ƙungiyarsu a 1946, suka yi yajin aiki a 1947 domin Turawan mulki su amince da ita, har aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1948, aka kafa tarayyar ƙungiyoyin ma'aikata ta ƙasa a 1950. Gaskiya ne kuma cewa 'yan gurguzu sun yi ƙarfi a shugabancinta, kuma Shafi'u Ahmad al-Shaikh, babban sakatarenta da shugaban mulkin soja Numairi ya rataye a watan Yulin 1971, ɗan jam'iyyarsu ne. Abin da ya fi ciwo shi ne, a duk wannan labari da wuya ka ji an ambaci mai tsintar auduga. Ƙungiyar manoman Jazira, yankin noman auduga, ta masu hawasha ce, wato waɗanda aka rubuta wa gona da sunansu. Mutanen kambo, wato sansanonin leburori, da suke yi musu noma da tsinta, cikinsu har da iyayenmu da 'yan'uwanmu na Darfur, ba su da kujera a cikinta. Idan ka ce ƙungiyoyin nan ba su riƙe mu da hannu biyu ba, ba zan yi maka musu ba.

Inda muka rabu shi ne abin da za a yi da wannan gaskiya. Kai kana ganin tun da ba a rubuta mu ba, mu bar musu kayansu. Ni kuwa ina ganin rashin rubuta mu ɗin shi ne babbar hujjar da ta wajabta mana shiga maganar. An gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe aikin noman Jazira, kuma tun daga lokacin hannun mutanen da suka zo daga yamma, masu niyyar hajji da zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, bai fita daga gonakin audugar nan ba. Shekaru da dama audugar Jazira ce take kawo wa ƙasar nan mafi yawan kuɗin waje. Amma duk lokacin da aka tayar da fitina, kamar yadda muka gani a jihar Nilu Shuɗi a watan Yulin 2022, kalma ta farko da ake jifanmu da ita ita ce baƙi. Mutumin da ba a rubuta guminsa ba, da sauƙi a ce masa jiya ya zo. Saboda haka tarihin ƙwadago a wurinmu shaida ce ta zama ɗan ƙasa, kuma ban ga hikimar mu yar da shaida domin kawai wasu sun riga mu riƙe alƙalami ba.

Batun buɗe littattafai kuwa, wanda ka fi jin tsoronsa, ina roƙonka ka dubi abin da manyan rigingimun ƙwadago na ƙasar nan suka tashi a kansa. A 1946 manoman Jazira sun ƙi shuka ne bayan sun gano cewa akwai asusun ajiya da aka daɗe ana yanka daga rabonsu ba tare da sun san adadin abin da ya taru ba, kuma ba su koma gona ba sai da aka amince a biya su wani kaso. Shekara goma bayan haka, a watan Fabrairun 1956, ƙasa ba ta cika wata biyu da samun 'yanci ba, manoman Joda da ke kudu da Kosti suka ƙi miƙa audugarsu ga masu aikin noman har sai an biya su haƙƙinsu da aka riƙe, an kuma kawo akawu ya binciki lissafi. Aka yi arangama da 'yan sanda, aka kama mutane da yawa, aka cusa su a ɗaki guda a barikin Kosti aka kulle ƙofa da tagogi, kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda rashin iska. Waɗannan bayin Allah ba juyin mulki suka nema ba, ba kuma aƙidar wata jam'iyya suka je yaɗawa ba. Sun ce ne a nuna musu lissafi. Ina iya fahimtar wanda zai karanta labarin Joda ya ce darasinsa shi ne a yi shiru, amma ni abin da na karanta a ciki shi ne cewa inda aka ɓoye lissafi, ran talaka ma ba ya da tsada.

Ba sai mun je Kosti ba, Alhaji, domin kai da ni mun san yadda kakar riɗi take a gonakin Gadarif. Yaro zai kwana biyu ko uku a hanya, ya yanki riɗi da lauje tun asuba, ya ɗaure, ya jingine, wakilin mai gona yana ƙirga tari yana rubutawa a littafin da shi kaɗai yake buɗewa. A wannan littafi ne kuma ake rubuta garin dawa da mai da busasshen kifi da sukari da aka ba shi bashi daga kantin gona, a farashin da ba a faɗa masa ba sai ranar sallama. Ranar biya wakili zai lashi yatsa ya juya shafi, ya faɗi abin da ya rage, yaron ya karɓa ya yi godiya domin ba shi da takarda, ba shi da shaida, motar komawa kuma tana jira. Idan ya ce zai kai ƙara, dokar ƙwadago ta 1997 ta riga ta cire mafi yawan ma'aikatan gona da masu aikin gida da 'yan aikin yini daga inuwarta, wato ta cire daidai sana'o'in da mutanenmu suka fi yawa a ciki. Wannan ba aikin 'yan gurguzu ba ne, kuma gyara shi ba ya bukatar kowa ya zama ɗan gurguzu. Ka fi ni sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ladan da ba a biya ba bashi ne, ko mai gona ne ya riƙe shi ko gwamnati.

Dalilin da ya sa kowace gwamnatin soja take fara wa da ƙungiyoyin nan ba ɓoyayye ba ne. Yajin aikin gama-gari ne ya kawo ƙarshen mulkin Janar Abbud a watan Oktoban 1964, shi ne kuma ya karya Numairi a watan Afrilun 1985. Da Bashir ya karɓi mulki a 1989 sai ya rushe ƙungiyoyin, ya kori dubban ma'aikata da sunan maslahar jama'a, daga baya ya sake gina su yadda direba da darakta za su zauna a ƙungiya ɗaya ta ma'aikatarsu, domin kada masu sana'a ɗaya su haɗa kai a faɗin ƙasa. Duk da haka, ƙungiyar ƙwararru da ta jagoranci zanga-zangar da ta kayar da shi ta fara ne da takardar koke kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya tsaya a fam 425 tun 2013, kuma wutar ta kama sosai a Atbara ranar 19 ga Disamban 2018 bayan farashin burodi ya ninka uku. Ba na wanke gwamnatin riƙon ƙwarya da ta biyo bayan Bashir: ta rushe ƙungiyoyin zamanin Bashir a ƙarshen 2019, ta amince da yarjejeniyar duniya ta 'yancin kafa ƙungiya a 2021, amma ba ta kai ga zartar da sabuwar dokar da za ta ba ma'aikata damar zaɓen shugabanninsu ba kafin juyin mulkin Oktoban shekarar, sannan a watan Nuwamban 2022 Janar Burhan, wanda ya yi juyin mulkin, ya dakatar da ayyukan ƙungiyoyin gaba ɗaya. Muna da dokar samun bayanai tun 2015, amma Hamdok, Firayim Ministan gwamnatin riƙon ƙwarya, da bakinsa ya koka cewa mafi yawan dukiyar ƙasa ba ta ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. Kamfanonin da ba a ganin lissafinsu da zinariyar da ba a san inda take zuwa ba su ne suka ciyar da rundunonin da suka juya wa juna bindiga ranar 15 ga Afrilun 2023. Shi ya sa ban yarda cewa yaƙi dalili ne na ajiye wannan magana ba.

Wannan rigima ba tamu ba ce mu kaɗai. A jihar Maine ta Amurka, a 2011, gwamna Paul LePage ya sa aka cire wani dogon zanen bango mai nuna tarihin ma'aikatan jihar daga ofishin ma'aikatar ƙwadago, yana cewa ya karkata ga ɓangaren ƙungiyoyi, aka kuma ƙi faɗin inda aka kai shi. An je kotu, an yi ta ce-ce-ku-ce, sai a 2013 aka sake kafa shi a ginin gidan tarihi na jihar. Idan mai mulki a ƙasar da ke da kotuna da jaridu masu ƙarfi ya ga zanen ma'aikata abin tsoro ne har ya ɓoye shi, mu da ko zanen ba a taɓa yi mana ba bai kamata mu raina abin ba.

Tsoronka a kan yaranmu na ɗauke shi da muhimmanci, kuma ba zan tura ɗan kowa kan titi ba. Abin da muke yi a zaman nan uku ne kawai. Muna koya wa masu zuwa gona su riƙe nasu littafin, su rubuta tari da bashi a gaban shaidu biyu tun ranar farko. Muna karanta dokar ƙwadago domin su san abin da ta ba su da abin da ta hana su, saboda ranar da za a zauna gyara ta a samu Bahaushe da zai ce a saka ma'aikacin gona. Muna kuma zama da tsofaffinmu muna ɗaukar maganarsu a waya: wace gona suka yi wa aiki, a wace shekara, nawa aka biya su, wa ya mutu a can. Taskar takardun tarihi ta ƙasa tana Khartum inda yaƙi ya yi ɓarna, tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi.

A nan ne nake da bukata gare ka. Ka sha faɗa mana cewa mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya yi tsintar auduga a Jazira kafin ya sauka a garin nan, kuma kai ma ka yi dako a tasha kana saurayi kafin Allah ya buɗa maka kasuwa. Ina roƙonka ka zo zamanmu na ranar Asabar bayan la'asar, ka ga abin da ake koyarwa da idonka, in ka ga abin da zai cutar da yaran ka faɗa a gabansu mu gyara. In kuma ka yarda, kai ne za mu fara ɗauka a wannan makon, ka ba mu labarin mahaifinka da sunayen waɗanda suka yi aiki tare da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.

Ƙaninka,
malamin makaranta mai ritaya, Gadarif