Don Allah a riƙa tunawa da matan kasuwar Haiti

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Kullum in kun kawo labarin Haiti to 'yan daba ne da bindiga, an kashe shugaba Jovenel Moïse a 2021, 'yan sandan Kenya sun sauka a 2024, shi ke nan sai a wuce wani labarin. Ban ce ƙarya ba ne fa, amma wa ke ciyar da mutanen Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, a cikin wannan bala'in? Mata ne wallahi. Ana ce musu Madan Sara, sunan wani ɗan tsuntsu ne mai surutu da kai-kawo. Su ke shiga ƙauyuka su saro ayaba da wake da doya a hannun manoma, a loda a babbar mota su hau can saman buhuna su zauna har birni, wasu ma a kan kayan nasu suke kwana a kasuwa. Yanzu kuma 'yan daba sun datse manyan hanyoyi sai an biya a wuce, in aka yi rashin sa'a a kwashe kayan, wasu har a keta musu haddi, amma gobe sai ka ga sun sake fita don yara na gida da yunwa.

Abin ya taɓa ni ne saboda mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, da cin kasuwar ƙauye ta riƙe mu, kuɗinta a ƙulle a habar zani, in jari ya karye adashe ke tada ita. Ashe su ma can suna da adashensu, sòl suke ce masa. Kuma ai ba bare ba ne, cikin bayin da aka kwasa zuwa can har da Hausawa.

Talaucin nan ba lalaci ya kawo shi ba. Sun kori Faransa sun samu 'yanci a 1804, a 1825 ta ɗora musu diyyar faran miliyan 150, wai na asarar da iyayen gijin bayi suka yi, ji wani ƙarfin hali! A 1995 kuma aka matsa musu suka rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, ta Amurka ta cika kasuwa, manoman Artibonite, yankin da suke noman shinkafa, suka durƙushe, Bill Clinton, wanda ke shugabancin Amurka a lokacin, da bakinsa ya amsa a 2010 cewa kuskure ne.

Wanda ya burge ni wani limamin Katolika ne, Fada Joseph Philippe, da ya kafa Fonkoze a 1994, bankin talakawa mai ba matan karkara ɗan rance su ja jari, har da koya musu karatu da lissafi. Ni musulma ce amma na yaba, don wannan ya san inda ke yi wa mutanensa ƙaiƙayi. Malamanmu kuwa ba na jin suna ambaton Haiti a addu'ar Juma'a, ban sani ba ko a coci ana yi.

Roƙona ku ware shiri guda kan waɗannan mata, ku nemo Madan Sara ko da ɗaya ce a yi hira da ita ta bakin tafinta, mu ji nawa take biya a shinge kafin buhu ɗaya ya isa kasuwa.

Mai sauraronku kullum, daga Funtuwa.