Wasiƙa daga Leeds: yadda Bature ke cewa zai tafi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙarfin jikin Hajiya? Yaya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau, sai tsawon yini. Kwanakin nan rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, kafin ka yi isha'i ka runtsa asuba ta kawo kai.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce tafiya ta matso, kuma har yanzu "must" da "have to" da "need to" da "want to" suna rikita ka, ba ka san wanne za ka ɗauka ba in za ka tashi daga wuri. Na ji daɗi da ka tambaya tun kana gida, domin ni sai da na ɓata wa mutanen kirki rai kafin na gane.

A watana na biyu a garin nan maƙwabcina, wani dattijo tsohon direban bas, shi da matarsa suka gayyace ni shan shayi. Muna ta hira har na ga magariba ta ƙarato. Na ajiye kofi na ce, "I want to go now." Matar tana riƙe da farantin biskit za ta miƙo min, sai hannunta ya tsaya. Ta dubi mijinta, ta dube ni, sannan ta tambaye ni a hankali ko wata magana ce ta ɓata min rai. Ni a zuciyata "bari in koma" na ce, kamar yadda muke yi a Zariya. Su kuwa abin da ya shiga kunnensu shi ne zaman ya ishe ni, raina ya fi son ƙofa da hirarsu. Na yi kwanaki abin yana damuna.

Abin da na fahimta daga baya shi ne Bature ba ya ɗora tashinsa a kan son ransa. Yana ɗora shi ne a kan wani abu da ya fi ƙarfinsa, ko da bai ambaci abin ba. Zai ce "I have to go" ko "I've got to go", wanda a bakin matasa yake komawa "gotta go". Zai ce "I need to go". Dattawa irin maƙwabcina sukan ce "I must be going". In yana son ya ƙara sassauta maganar sai ya ce "I'd better go" ko "I should get going", wato ya kamata in kama hanya. Sau da yawa yakan sa "I'm afraid" a gaba, kuma ba tsoro yake nufi ba, ban haƙuri ne. Ka ga ai mu ma haka muke. Wa ya taɓa ce wa surukinsa ya gaji da zama? Sai dai a ce dare ya yi, ko an kira salla, ko an bar yara su kaɗai a gida.

A makaranta an koya mana cewa "must" dole ce da ta fito daga mai magana, "have to" kuma dole ce da ta zo daga waje, kamar doka ko wurin aiki. Akwai gaskiya a ciki, amma kada ka tsaya kana auna su a tsakiyar hira. A maganar yau da kullum "have to" ce ta cika gari, musamman a bakin Amurkawa. "Must" ka fi ganinta a rubuce, a allon tashar jirgin ƙasa da takardun gwamnati. In ka dubi idon babba ka ce masa "You must go", ka yi masa umarni mai nauyi. Amma in aka ce maka "You must come and see us", wannan gayyata ce ta ƙauna, irin tamu ta "lallai sai ka zo mana".

Inda nake roƙonka ka natsu shi ne wajen korewa. "Must go" da "have to go" kusan abu ɗaya ne, amma da ka kore su sai kowace ta kama gabanta. "You don't have to go" ko "You needn't go" na nufin ba dole ba ne, zaɓi naka ne. "You mustn't go" kuwa kada ka kuskura ka je. Ga misali daga akwatinka. Bargo, "you don't have to bring it", domin za ka samu a nan. Kilishi kuwa "you mustn't bring it": doka ta hana matafiyi daga Najeriya shigo da nama Birtaniya, busasshe ne ko ɗanye, kuma in an gani ƙwacewa za a yi. Na san Hajiya za ta so ta cusa maka shi da dambun nama, ka lallashe ta tun yanzu.

Game da nahawu, abin riƙewa kaɗan ne. "Must" da "should" ba sa ɗaukar "s" kuma "to" ba ta bin su, sai ka ce "he must go". "Need" da "want" a yawancin magana aikatau ne kamar sauran, shi ya sa ake cewa "he needs to go". In abin ya wuce, "I had to go" za ka ce, domin "must" ba ta da sigar jiya. Dalilin ya burge ni: a tsohon Turanci ita kanta sigar abin da ya wuce ce ta wani aikatau da aka daina amfani da shi, to ba ta da bayan da za ta koma.

Ita ma "want" da tarihinta. Daga harshen mutanen arewacin Turai, Vikings, ta shigo Turanci, kuma asalin ma'anarta rashi. Daga baya ne ta koma so, tunda abin da mutum ya rasa shi yake nema. Wataƙila shi ya sa har yau take fitowa tsirara, kamar kukan yaro mai neman abu. Tsakanin abokai ba laifi ka ce "I want to go to London." Amma a gaban malaminka ko a ofis, ka ce "I'd like to go". In an gayyace ka wurin da ba za ka je ba, kamar mashaya bayan tashi daga aji, ka ce "I'd love to, but I can't." Ba wanda zai riƙe ka a zuci.

Wani abu kuma saboda yara in sun biyo ka daga baya: in ƙaramin yaro ya ja rigarka ya ce "I need to go" bai faɗi wuri ba, ban ɗaki yake nufi, ka hanzarta.

Mako biyu bayan wancan shayin na sake komawa gidan dattijon. Da lokaci ya yi na ce, "I'm afraid I have to go, it's nearly time for my prayers." Matar ta naɗe min sauran biskit ɗin a takarda, mijin ya rako ni har bakin ƙofa yana tambayata sau nawa muke salla a yini. Na riga na ba su labarinka, sun ce in kawo ka.

Ka turo min ranar tashinka da lambar jirgin, in ga ko zan iya tarbarka a Manchester. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida uwargida da yara da duk mutanen unguwa. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka har kullum,
Amininka