Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Hokin Ƙarƙashin Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, da sauran 'yan'uwa mambobi maza da mata, ga rahoton abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare, kamar yadda tsarin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare. Rahoton ya makara da makonni uku, kuma dalilin makararsa shi ne dalilin kusan duk abin da ya gagare mu bana. Na yi ta jira ko waɗanda suka yi alkawarin biyan bashin kuɗin wata za su cika, domin ma'aji ya rufe littafinsa mu kawo muku lissafi guda, amma har ranar da na zauna rubutu shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu.

Kwamiti ya zauna kowane wata in ban da watan azumi, kuma bayanan zaman suna cikin fayil ga mai son dubawa.

Zan fara da maganar kuɗi, tun da ita ce ta fi cin lokacina da na ma'aji. Cikakken lissafi zai zo daga gare shi a babban taro, amma abin da ya kamata kowa ya sani tun yanzu shi ne waɗanda suka biya kuɗinsu na shekara cif ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Na lura wasu har yau suna ɗaukar kuɗin wata tamkar kuɗin shiga ne, wato wanda ya zo ya biya, wanda bai zo ba babu komai a kansa. Ba haka abin yake ba. Masu kwamin ninkaya suna karɓar hayarsu ta wata uku tun kafin mu sa ƙafa a ruwa, har da ladan jami'in ceto da dole ne ya tsaya a bakin ruwa muddin muna ciki, kuma ko mutum huɗu ne suka zo ko ashirin, kuɗin ba ya raguwa da ko sisi. Ba mu da zaɓin komawa wani wuri mai sauƙi, domin wasan nan yana buƙatar zurfin da ya kai mita 2 da ƙasa mai santsi wadda faifai, wato ɗan kewayayyen dalmar da ake turawa da gajeriyar sanda a maimakon ƙwallo, zai zame a kanta, kuma wuraren ninkaya da yawa a wannan yanki na Ingila ba sa son ganin faifan dalma a kan tayil ɗinsu ko da an lulluɓe shi da roba. Wanda muke ciki ma sai da muka yi ta zarya kafin suka amince da mu.

Sau biyu a cikin shekarar nan mutum uku daga cikin kwamiti suka cika kuɗin hayar daga aljihunsu, kuma har yanzu ƙungiya ba ta mayar musu ba. A zango na uku ba su iya ba, muka makara da biya, aka ba wata ƙungiya lokacinmu na yammacin Asabar, mu kuma aka mayar da mu daren Lahadi. Na ga ƙorafe-ƙorafen da aka yi ta turowa a zauren WhatsApp cewa daren Lahadi bai dace da masu yara 'yan makaranta ba, kuma gaskiya ne bai dace ba. Sai dai ya yi mini ciwo da na duba littafi na tarar da yawancin masu ƙorafin suna cikin waɗanda ake bi bashin wata biyar ko shida. Ba kwamiti ne ya zaɓi daren Lahadi ba, rashin kuɗi a kan lokaci ne ya zaɓa mana.

An kuma tambayi dalilin da ya sa muka biya hayar watan azumi alhali manya ba sa shiga ruwa. Manya sun dakata ne domin ruwa kan shiga bututun numfashi ya wuce maƙogwaro ba tare da mutum ya yi niyya ba, ga kuma wahalar riƙe numfashi da azumi a baki. Amma da mun saki lokacin na wata guda, da mun rasa shi gaba ɗaya, saboda akwai masu jiran layi. Shi ya sa muka bar wa yara ƙanana makonnin nan huɗu, kuma a nan ne uku daga cikinsu suka fara iya sauka har ƙasa su kwanta su tura faifai ba tare da sun taso a firgice ba.

Game da atisaye, kowa ya san ƙa'ida: mutum shida a ruwa daga kowane ɓangare, da 'yan canji har huɗu a gefe. Ke nan sai mun kai goma sha biyu kafin a ce an buga cikakken wasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ƙyar muke kaiwa bakwai ko takwas, sai mu buga uku da uku ko huɗu da huɗu, kuma wanda ya saba da hakan ba zai taɓa koyon tsayuwar 'yan gaba uku da 'yan baya uku ba, balle ya san lokacin da zai nutsa domin ya karɓi ɗan'uwansa. Uzurin da aka fi kawo mini shi ne sanyi. Ina tunatar da 'yan'uwa cewa saboda sanyin nan ne ma aka ƙirƙiro wasan. A shekarar 1954 Alan Blake, a Southsea da ke Portsmouth, ya ga 'yan ƙungiyarsu ta masu nutso suna watsewa idan hunturu ya shigo teku ta gagara shiga, sai ya fito musu da wasan da zai riƙe su a ruwan ɗumi na cikin gini har bazara ta dawo. Mutum takwas-takwas suke bugawa a lokacin, abin da ya sa ya raɗa masa suna Octopush (octo na nufin takwas), sunan da har gobe ake kiransa da shi a ƙasar nan. Wasan hunturu ne tun asalinsa, kuma ruwan da muke haya da ɗuminsa.

A wasan nan babu gwanin da zai zauna a ƙasa har abada. Komai ƙarfin ƙirjinsa dole ya taso ya sha iska, kuma in babu wanda ya sauka a bayansa, faifai ya tafi hannun abokan karawa. Haka aikin ƙungiyar yake a yanzu, mutum uku ne a ƙasa tun farkon shekara, kuma ba su ga mai saukowa ba.

Akwai wani abu da ya fi kuɗi damuna. Waɗanda kan ɓace wata biyu su dawo su ne suka fi son gwada daɗewa a ƙasa, har na ga wani yana ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ya yi kurme. Mai horar da mu ya hana wannan, kuma kwamiti ya mara masa baya. Yin haka yana rage iskar da ke faɗakar da jiki cewa lokacin tasowa ya yi, sai mutum ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba. Dokarmu tana nan: ba a gwajin riƙe numfashi a keɓe, ba a yi sai da mai kallo a kusa, kuma wanda ya saɓa za a fitar da shi daga ruwa ko wane ne shi.

Yanzu sai abin da ya faranta mana rai, wato wasan sada zumunta da muka shirya mako biyu bayan Babbar Sallah, wanda shi ne karo na farko da muka kara da wasu ba junanmu ba. Baƙinmu ƙungiya ce ta garin da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda suka daɗe a harkar, cikinsu har da dattijuwar da ta girmi iyayen wasunmu amma ta fi samarinmu sanin inda faifai zai faɗa. Sun zo da nasu tiren ƙarfe guda biyu masu tsawon mita 3 da ake zura ci a ciki, suka ara mana alƙalan wasa biyu da suka shiga ruwa, da na uku a bakin ruwa riƙe da ƙararrawa. Babban abin da suka kawo shi ne kyamarar da ake nutsarwa, aka haɗa ta da babban allo a inda 'yan kallo ke zama. Duk wanda ya taɓa raka ɗansa atisaye ya san abin da ake gani daga sama: bayan mutane, da kan bututu, da takalman iyo suna fantsama ruwa, shi ke nan. Ran nan ne iyaye suka fara ganin abin da 'ya'yansu suke yi a ƙasa.

Na tsaya kusa da allon lokacin da aka fara. An ajiye faifai a tsakiya, kowane ɓangare ya jeru a bangonsa hannu na taɓa bango, namu da fararen sanduna da fararen huluna, nasu da baƙaƙe. Ƙararrawa na kaɗawa sai wurin ya yi tsit, domin ihu ba ya isa ga mai wasa. A rabin farko na minti 15 sun zura mana ci huɗu, kuma ba mu ji kunya ba, domin sun fi mu iya ɗaga faifai daga ƙasa ya tsallake sandar mai tarewa, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga dalma mai nauyin kusan kilo 1.3 da 'yar sandar da ba ta wuce santimita 35 ba. Bayan hutun minti 3 muka sauya gefe, mai horarwa ya ce wa 'yan bayanmu su daina nutsawa tare, ɗaya ya sauka ɗaya ya jira a sama. Nan take wasan ya canza. Ƙaramin ɗan wasanmu, yaron da shekara biyu da suka wuce ba ya yarda ya sa fuskarsa a ruwa, ya karɓi faifai a gefen bango, ya kwanta ƙirjinsa na gogar tayil, ya juya jikinsa ya kare faifan daga masu binsa biyu, ya tura shi ya hau gangaren tiren har muka ji ƙarar ƙarfe ta cikin ruwa. Mahaifinsa, wanda ya sha gaya mana cewa a yarintarsa duka ake yi masa in ya kusanci kududdufi, kuma har yau bai iya iyo ba, ya miƙe tsaye yana ta faɗin Masha Allah, idanunsa sun ciko. An tashi shida da biyu, su ke da nasara.

Bayan wasa iyayenmu mata suka fito da masa da miyar taushe da zoɓo, baƙi suka ci har suna tambayar yadda ake yi. Dattijonmu ɗan Kebbi ya ba su labarin gasar kabanci ta bikin kamun kifi na Argungu, inda ake gwada nutso da kama kifi da hannu a kogin Matan Fada, domin su san kurme ba baƙon abu ba ne a wurin mutanenmu. Su kuma suka ba yaranmu labarin gasar duniya da CMAS, hukumar wasannin ƙarƙashin ruwa ta duniya, ke shiryawa, wadda aka fara a Vancouver ta Kanada a 1980, kuma aka yi ta a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2016. Yaran sun yi mamakin jin cewa akwai ƙasar Afirka da ake jin tsoronta a wannan wasa. Godiya ta musamman ga mata da suka ɗauki nauyin abinci, da samari biyar da suka tsaya har aka share wurin. Dole kuma in faɗi cewa a ranar na ga fuskokin da rabona da su tun babban taron bara. Mun yi murna da zuwansu, amma da sun riƙa zuwa atisaye da 'yan canjinmu ba su tsaya a biyu ba.

Ayyuka uku da muka yi alkawari ba su kammalu ba. Lokacin mata zalla shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin 'yan'uwa mata sun fi maza cika alkawarin biya, kuma su ne ba su samu abin da suka nema ba. Masu wurin sun yarda su rufe tagogin kallo su kuma kawo jami'ar ceto mace, amma da sharaɗin haya ta daban ta wata uku a gaba, kuma ba zai yiwu mu sa hannu a sabuwar haya ba alhali tsohuwar ma da rance ake cika ta. Ba a yi watsi da maganar ba, takardar tana nan a shirye.

Rajistar ƙungiya da British Octopush Association, hukumar da ke kula da wasan a Birtaniya, wadda sai da ita za mu shiga gasa a hukumance, ta tsaya ne a kanmu, saboda mambobi da yawa ba su dawo da fom ɗin da aka raba tun watan Maris ba. Kayan wasa kuwa, mun sayi faifai biyu marasa nauyi domin yara da safar hannu shida masu kauri, amma huluna masu kare kunne ba su samu ba, kuma takalman iyo ƙafa uku da aka ara aka tafi da su gida ba su dawo ba. Sunayen waɗanda suka ara suna hannuna, ina roƙo a dawo da su kafin sai na kira kowa ɗaya bayan ɗaya.

Kwamiti zai gabatar da shawarwari biyu a babban taro: a koma biyan kuɗi ta banki kai tsaye a farkon kowane wata, sannan duk wanda bashinsa ya kai wata uku a dakatar da shigarsa ruwa har ya biya, sai dai wanda ya sami shugaba a asirce ya bayyana uzurinsa, kuma irin wannan ba a taɓa tona shi ba. Ni kuma ina neman a zaɓa mini mataimaki wanda zai karɓi aikin bin bashi, domin ba zan iya haɗa shi da rubuce-rubuce da shirya atisaye a shekara mai zuwa ba. Masu kwamin ninkaya sun sanar da mu cewa lokacin yammacin Asabar zai sake buɗuwa a zango mai zuwa, kuma wanda ya riga biya shi za a ba. Ma'aji zai zauna a ƙofar shiga da littafinsa a daren Lahadi biyu masu zuwa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya