Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai Sharon da ke son gilasan ƙurya su riƙa buɗewa da makunni

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mana a filin masu motoci ta iso, kuma tunda a bainar jama'a ka yi ta, a nan za mu ba ka amsa. Ka ce motarka Volkswagen Sharan ce, wadda muke kira Sharon a tasha, kuma gilasan nan biyu na can ƙuryar baya, waɗanda ba sa sauka sai dai a ɓalle maƙali a tura su waje kaɗan, na hannu ne. Fasinja ya buɗe ya sauka ya bar maka, sai ka tsaya ka zagaya ka rufe. Kana so ka ji ko za a iya sa musu lantarki ka riƙa juya su daga kujerarka, me za ka saya, kuma ko gaskiya ne abin da wani ya gaya maka cewa moton santaral lok ma zai yi aikin.

Ana yi, kuma aikin wuni ɗaya ne idan kaya sun cika. Sai dai mutane kan ɗauka wahalar tana wajen wayarin, alhali wayarin shi ne mai sauƙi. Inda ake asara shi ne wajen haɗa moto da gilashi. Gilashin gefen mota gasasshe ne, irin wanda ba ya tsagewa sai dai ya tarwatse ya zama tsakuwa. Ba a huda shi, ba a faɗaɗa hujin da ke jikinsa, ba a goge gefensa da inji. Duk wanda ya ce maka zai ɗan ƙara masa huji da diril, karɓe makullinka. Saboda haka dole abin da za ka sa ya zauna daidai a hujin da maƙalin hannu yake zaune, ba tare da an tilasta masa ba.

Sa'arka ita ce kamfanin da kansa ya yi masu lantarkin. Sharan da Ford Galaxy da Seat Alhambra na farko a masana'anta ɗaya aka riƙa ƙera su a Palmela ta ƙasar Fotugal tun daga tsakiyar shekarun 1990, jiki ɗaya ne da tambari daban, kuma wasu daga cikinsu sun fito da gilasan ƙurya masu moto. Galaxy ta rabu da su a 2006, don haka kayan Galaxy sabuwa ba naka ba ne. Je ka wajen masu yanka motoci, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko wadda ta fi kusa da kai, ka nemi wadda shekarunta suka yi kusa da na taka. Masu Toyota Sienna ta 2004 zuwa 2010 su ma hanyarsu ke nan, domin a cikinsu akwai na hannu akwai na lantarki.

Kada ka sayi moto tsirara. A ciro maka shi da ƙarfen da yake zaune a kai, da ɗan hannun da ke tura gilashi, da ƙullin da ke shiga hujin gilashin tare da robobinsa na ciki da waje, da notinansa, da soket ɗinsa haɗe da jelar waya kamar taƙi guda. Idan murfin robar da ke rufe ginshiƙin baya yana nan, haɗa da shi, domin na mai hannu yankansa daban ne kuma sau da yawa ba ya rufe moto. Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, juyin juna ne, to a rubuta a jikin kowanne tun a kasuwa. Ka cire maƙalinka na hannu guda ɗaya ka tafi da shi, ka ɗora shi kusa da na lantarkin ka gwada kaurin ƙullin da tazarar hujojin noti. Idan ƙullin bai yi daidai da hujin gilashinka ba, mafita ɗaya ce: ka sayi gilashin waccan motar gaba ɗaya.

Kafin ka biya, a kawo batir. Yawanci irin wannan moto waya biyu gare shi. Ɗora ɗaya a kan fositif ɗaya a kan negetif, hannun zai tafi gefe guda; juya wayoyin, zai dawo. Ka saurara da kyau. Ƙara mai santsi ita ake so. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas a tsakiyar tafiya, ko moto yana juyawa hannu bai motsa ba, haƙoran giyar robar da ke ciki sun cinye, ajiye shi. Sannan ka kama hannun ka gwada tura shi da ƙarfinka ba wuta: bai kamata ya motsa ba, domin wannan taurin shi ne makullin gilashin. Idan ka ga wayoyi sun fi biyu, kada a yi ta dangwala su a batir ana caca, a bi su da mita a gane na moto tukuna.

Wannan taurin shi ya kawo mu kan maganar santaral lok. Ba zai yi ba. Tafiyarsa ba ta wuce santimita biyu ba, kuma ba tafiya yake yi ba, fizga yake yi, ga shi an gina shi ne ya sha wuta na ƙasa da daƙiƙa ɗaya; ka danne makunni ka riƙe, ya ƙone. Mafi muni, da an ɗauke masa wuta yatsa ma tura shi yake. Gilashin zai riƙa kaɗawa a kan gargada, iska ta buɗe shi a guje, ɓarawo kuma ya sa farce ya ja. Araha ba ta ado.

Abin da za ka ƙara saya a shago: makunni biyu irin na gilashin ƙofa, masu komawa tsakiya da kansu idan an saki, waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, kamar mita 30 kala biyu, domin kowane gefe yana cin waya biyu masu tsawon mita shida zuwa bakwai idan an bi lungunan mota. Gidan fis da fis mai amfiya 10. Bututun roba na rufe waya. Tef na ƙyalle. Da giris fari. Game da waya, kasuwa ta cika da ta alminiyom da aka yi wa fentin jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, idan ka ga fari a ciki mayar musu. Kaurin ma ba ado ba ne. Jan ƙarfe na gaske mai 1.5, zuwa da dawowa mita 14, idan moto ya ja amfiya uku, kimanin rabin bolt kawai zai zube a hanya. Mai 0.5 kuwa sai ya zubar da kusan bolt ɗaya da rabi, shi ya sa za ka ga gilashi ya buɗe lafiya amma ya kasa matse roba wajen rufewa, musamman idan inji a kashe yake.

Ranar aiki, fara da cire kan batir na negetif ka dakata kamar minti goma, idan rediyonka mai lamba ne kuma ka tabbata kana da lambar. Dalilin shi ne jakar iska. Motocin baya-bayan nan da dama suna da wadda ke naɗe a gefen rufi tun daga gaba har baya. Duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa da ka gani, kada testa ta taɓa ta, kada kuma ka bi da wayarka ta gabanta. Ma fi kyau ka manta da rufi, ka bi ta ƙasa, ƙarƙashin robobin dokin ƙofa inda wayoyin kamfani suke bi, ka ɗaure taka a jikinsu duk bayan taƙi ɗaya ko biyu. Ka kauce wa layin kujeru da notin bel. A motar haya, inda ake danna buhuna har rufi, duk wayar da ba ta cikin bututu kwananta ƙidayayye ne.

Cire murfin ginshiƙin baya a hankali, maƙalansa na roba sun sha rana, karyewa suke yi. Mutum ɗaya ya tallafi gilashin daga waje yayin da kake kwance maƙalin hannu. Duba ƙarfen ginshiƙin: sau da yawa za ka tarar da hujojin moton suna nan, wani lokaci har da zarensu, tunda jiki ɗaya kamfani yake bugawa. Idan huji ne babu zare, a sa noti mai matsewa irin na ribit, ba sukurun da ke cin ƙarfe da kansa ba, domin wannan girgiza tana sassauta shi cikin 'yan makonni. Idan sai an huda ƙarfe, rufe gilashin da kwali, ka sa alama a bakin diril kada ya zarce ya fasa fatar mota ta waje, ka shafa fenti a hujin saboda tsatsa.

Ga inda ake fasa gilashi. Kafin ka ɗaura hannun moto a jikin gilashi, ba moton wuta ya tafi har ƙarshen wajen rufewa. Sannan ka tura gilashin da tafin hannu ya kwanta a kan robarsa, ka ga ko ƙullin da hujin sun haɗu da kansu. Idan akwai saɓani, moton za ka matsar a kan notinansa ko ka sa masa zoben ƙarfe na noti (washa) a ƙasa, ba gilashin za ka ja ya zo ba. Robar ciki da ta waje dole su kasance a wurinsu, ƙarfe kada ya taɓa gilashi ko kaɗan. Ɗaurin kuma na hannu ne, da ya kama ka tsaya. Gilashin da aka ɗaure a takure ba lallai ya fashe a ranar ba; sai wata rana da tsakar rana, mota tana ajiye, ka ji tas.

Wayarin kuwa ga shi. Ɗauki wuta daga akwatin fis, daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ka sa fis ɗinka mai 10 dab da inda ka ɗauka. Kada ka ja kai tsaye daga batir: makunni ya maƙale da dare, ka wayi gari ba batir, kuma irin wannan moto bai san yatsan yaro ba, matsewa kawai yake yi. Kada kuma ka ɗana daga makunnin gilashin ƙofar direba, domin a motoci da yawa sigina kawai yake aika wa kwamfuta, ba wutar moto ce a jikinsa ba. Makunnan ka dasa su a guraben dashbod da kamfani ya toshe da murfi, ka huta da ratsa robar ƙofa.

Makunni mai ƙafa biyar, ɗaya ta wuta ce, biyu na at ne (wato negetif da ke haɗe da jikin mota), biyu na moto. Mita za ta nuna maka: ba a danna ba, kowace ƙafar moto tana haɗe da ƙafar at, ka danna gefe guda, ɗayarsu ta saki at ta kama wuta. At ɗin a ɗaure shi a noti na jikin mota bayan an kankare fenti. Idan makunnin da ka samu ƙarami ne mai ƙafa uku, sai ka haɗa da rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa) biyu masu ƙafa biyar ga kowane gilashi: wayar moto a lamba 30, wuta a 87, at a 87a da 85, wayar makunni a 86. Mai ƙafa huɗu ba zai yi ba, ba shi da 87a, moto ba zai sami hanyar dawowa ba. Idan ka gama ka ga danna buɗewa yana rufewa, musanya wayoyin moto biyu, shi ke nan. Ba mu son a haɗa gilasai biyu a makunni ɗaya. Ɗaya yana riga ɗaya isa, sai ya tsaya yana gurnani yana zafi kafin ɗan'uwansa ya ƙaraso, kuma haka giya take cinyewa. Kowane haɗi a yi masa dalma ko a matse shi da kan waya na ƙarfe. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif yana cikin abubuwan da ke jawo gobarar mota.

Kada ka mayar da murfi sai ka gwada. Sa takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe, ka ja ta a sama, a tsakiya, a ƙasa. Ta riƙe a ko'ina, ya yi. Ta zare salin-alin a wani wuri, nan ruwa zai shiga da damina, nan kuma iska za ta riƙa yi maka fito a hanya. Bi da bokitin ruwa daga waje ka duba ciki. Robar da ta bushe tana manne wa gilashi da zafi, moto ya yi ta fama kafin ya ɓamɓare shi, don haka wanke ta da sabulu ka fesa mata silikon. Ban da baƙin mai, kumbura roba yake yi. Gaɓar hannun moto da maƙalan gaba na gilashin a ɗan shafa musu giris kaɗan, kaɗan ɗin dai, saboda ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta zama kamar yashi.

Idan daga baya ya ba ka matsala, bi shi da tsari. Duka biyu sun mutu, fis ne ko at. Ɗaya ya mutu, sa testa a soket ɗinsa ka danna: wuta tana zuwa, moto ne, ba ta zuwa, makunni ne ko waya ta yanke a dokin ƙofa. Yana tafiya gefe ɗaya kawai, ƙafar at ɗaya ce ta saki ko rile ɗaya ya mutu. Fis yana ta ƙonewa, kada ka ƙara masa girma, nemi inda waya ta goge a ƙarfe.

Tsofaffin maƙalan hannu kuma kada ka bar wa yaran gareji. Ƙulle su a leda tare da notinansu ka jefa a aljihun dashbod. Moton nan ba shi da hanyar rufewa da hannu, to ranar da ya tsaya a buɗe kana tsakanin Zariya da Funtuwa ga hadari ya haɗo, sifana ɗaya da minti goma sun isa ka mayar da na hannun ka ci gaba da tafiya.

Allah ya tsare hanya. Wassalam.

Daga 'yan'uwanka masu wayarin mota.