Rikicin ƙasashe ma yana cikin lissafin kamfani

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina lura da wani abu a jaridarku: labarin yaƙi da takunkumi yana shafin ƙasashen waje, labarin ribar kamfanoni da hannun jari kuma yana can wani shafi, kamar ba abin da ya haɗa su. Ni a ganina magana ɗaya ce, kuma manyan kamfanoni sun gane haka, wasunsu bayan sun ɗanɗana kuɗarsu.

A duba jirgin ruwa na dakon kaya. Tun watan Nuwamban 2023 da 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, mai jirgin da zai bi ta mashigin Suez ba ya ɗaga ƙafa sai ya zauna da dillalin inshora. Inshorar yau da kullum ba ta biyan ɓarnar yaƙi. Akwai wani kwamiti a kasuwar inshora ta Landan da ke fitar da jerin yankunan teku masu haɗari, duk jirgin da zai shiga ɗayansu sai ya sanar, ya kuma biya ƙari na musamman. Da darajar jirgin ake lissafa ƙarin, galibi na kwana bakwai, kuma a farkon 2024 ya kai kusan kashi 1 cikin 100. Ke nan jirgin dala miliyan 100 zai iya biyan miliyan guda don wucewa sau ɗaya tak. In ya ƙi, sai ya zagaya ta kudancin Afirka: ƙarin kwana goma ko fiye, ƙarin mai, ga kwantenoni ba sa dawowa da wuri. Manyan kamfanonin jiragen dakon kaya Maersk da Hapag-Lloyd sun auna biyun a Disambar 2023 suka zaɓi zagaye, kuma na ga dacewar hakan, domin akwai ran ma'aikatan jirgi a ciki, abin da babu inshorar da ke mayarwa.

Wannan haɗari ne da ake gani da ido, shi ya sa ake saurin sa masa farashi. Wanda ya fi damuna shi ne mai tafiyar hawainiya. Tun 2014 da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya alamu suka bayyana, amma kamfanonin Turai da Amurka da dama suka ci gaba da zuba jari a can. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022, kwana uku kacal kamfanin mai na Birtaniya, BP, ya sanar zai rabu da kusan kashi 20 cikin 100 da yake da shi a Rosneft, kamfanin mai na Rasha, abin da ya jawo masa asarar sama da dala biliyan 20. Kamfanin motoci na Faransa, Renault, ya miƙa hannun jarinsa na AvtoVAZ, mai ƙera motoci a Rasha, a kan rubul ɗaya na kuɗin ƙasar. McDonald's ya bar gidajen abincinsa kusan 850 a Rasha. Jamus kuwa a lokacin fiye da rabin iskar gas da take shigowa da ita daga Rasha take zuwa, masana'antunta suka shiga matsi.

Me ya sa suka tsaya har ruwa ya ƙare wa ɗan kada? Ba rashin masana ba ne. Da ribar wata uku ake auna shugaban kamfani. Arahar gas ko ta ƙwadago tana fitowa ɓaro-ɓaro a rahoton bana, haɗarin siyasa kuwa ba ya fitowa a ko'ina sai ranar da ya afku, lokacin wataƙila wanda ya sa hannu ya riga ya bar kujerar.

Akwai waɗanda suka san ba a fafe gora ranar tafiya. Shell ya yi suna tun farkon shekarun 1970 da zaman tsara “in kaza ya faru, me za mu yi?”, kuma hakan ya taimaka masa a rikicin mai na 1973. Yau TSMC na Taiwan, mai ƙera ƙananan na'urorin da ke zama ƙwaƙwalwar waya da mota, yana gina masana'antu a Arizona ta Amurka da Kumamoto ta Japan da Dresden ta Jamus, duk da ya san aiki a can ya fi tsada. Apple ma ya karkata wani ɓangare na haɗa iPhone daga Sin zuwa Indiya. Da gangan suke biyan wannan tsada, don kada rigima ɗaya ta tsayar da komai.

Ƙananan kamfanoni ba su da ofishin nazarin haɗari, da jarida irin taku suke gani. Roƙona shi ne, duk lokacin da wakilinku ya zanta da shugaban wani kamfani, ya tambaye shi daga ƙasa nawa yake samun kayan aikinsa, ta wace hanya suke zuwa, kuma kwana nawa zai iya ci gaba da aiki in aka rufe ta.

Na gode.

Mai karanta jaridarku a kullum.