Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Avalanche Canada

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Avalanche Canada, Revelstoke, lardin Birtish Kolombiya, Kanada.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, domin aikin da kuke yi na hasashen zaftarewar ƙanƙara daga duwatsu da koya wa mutane kauce mata ya shigo har cikin gidana, alhali ban taɓa taka ofishinku ba, ban kuma taɓa hawa babur ɗin ƙanƙara ba. Ɗana ne mai hawa. Ɗan fari ne, saboda haka ba zan kama sunansa ba. Aiki ya kai shi kwarin Elk, wajen ma'adinan kwal na Sparwood, inda da zarar hunturu ya kama za ka ga abokan aiki ranar hutu sun ɗora babura a bayan motoci sun nufi duwatsu, can ciki inda babu hanya, babu sabis na waya, babu mai tsaron gangara. Na yi faɗa, na yi lallashi, bai bari ba. Ku kuwa ba ku taɓa ce masa ya bari ba, kuma a gaskiya wannan shi ne babban dalilin godiyata.

Duk wanda ya zauna a Sparwood ya san ranar 28 ga Disambar 2008. Mutum 11 ne suka fita da babura zuwa Harvey Pass, kusa da Fernie. Ƙanƙara ta zaftare ta rufe wasu, 'yan'uwansu suka ruga tono, sai wata ta sake gangarowa a kansu gaba ɗaya. Uku suka tsira, takwas suka rasu, dukkansu 'yan gari ɗaya. A wannan hunturun na 2008 zuwa 2009, mutum 24 zaftarewar ƙanƙara ta kashe a Birtish Kolombiya, 19 daga cikinsu masu babur ne. Ba a gama jimami ba sai ga na dutsen Boulder, a gefen garinku na Revelstoke, ranar 13 ga Maris 2010, inda kimanin mutum 200 suka taru kallon gasar hawa gangara duk da gargaɗin musamman da kuka fitar. Biyu suka rasu, kimanin 30 suka ji rauni, aka yi ta kiraye-kirayen a saka doka, a rufe duwatsu, a hukunta masu shirya irin wannan taro.

Ofishinku ma daga irin wannan baƙin ciki ya samo asali. A hunturun 2002 zuwa 2003 mutum 29 zaftarewar ƙanƙara ta kashe a Kanada, ciki har da ɗalibai bakwai na wata makarantar Alberta da ƙanƙara ta rufe a Connaught Creek ranar 1 ga Fabrairun 2003. Shekara ta zagayo aka kafa ku a 2004 da sunan Canadian Avalanche Centre, kafin ku koma Avalanche Canada a 2014. A farko masu sulu da ƙafa aka fi tunani, amma da injunan babura suka ƙara ƙarfi har mutum ke kaiwa cikin awa ɗaya inda a da sai an yini ana tafiya, matsalar ta koma kan masu babur. Maimakon ku tsaya daga nesa kuna nuna su da yatsa, sai kuka bi su inda suke. Kuka kafa ayarin ma'aikata a kudancin tsaunukan Rockies waɗanda su ma a kan babur suke fita duba ƙanƙara, aka kuma samu malamai daga cikin mahayan kansu suna koyar da darasinku. Saurayin da ba ya jin maganar uwarsa yana jin ta wanda ya fi shi iya murza totur.

Darasin farko, AST 1, na kwana biyu ne, zaman aji da kuma yini guda a kan dutse. Ɗana ya yi shi tare da matarsa, kuma daga bakinsu na fahimci abin da na daɗe ina tsoro ba tare da na san kansa ba. Ashe ƙanƙarar dutse hawa-hawa take, kowace zuba da irin nata. Idan an yi 'yan kwanaki sama na tas ga sanyi mai tsanani, sai wani siririn raɓa ya daskare a samanta, sabuwa ta zubo ta rufe shi, iska ta danne ta ta zama faifai guda mai nauyi. Kamar a watsa gero a kan siminti ne a shimfiɗa tabarma a kai: a ido lafiya lau, ka taka ta tafi da kai. Wannan raunin yana iya kwanciya a ƙasa makonni yana jira. Sun ce gangara mai karkata digiri 30 zuwa 45 ita ta fi zaftarewa, wato daidai irin wadda mahaya suka fi sha'awa, musamman masu gasar wa zai kai sawun baburinsa sama da na kowa. Abin da ya fi girgiza ni shi ne jin cewa mafi yawan waɗanda ƙanƙara ke kashewa, su da kansu ko wani a cikin ayarinsu ne ke tayar da ita. Amma daga baya na ga akwai sauƙi a ciki, domin abin da mutum ke jawowa da hannunsa yana iya koyon kauce masa.

Ƙa'idojin da kuka koya musu ba su da wuyar faɗa, sai dai wuyar bi. Mutum ɗaya a kan gangara, sauran su tsaya suna kallonsa daga inda ƙanƙara ba za ta iso ba, kan baburansu na fuskantar hanyar gudu. Idan abokinka ya maƙale a tsakiyar gangara, kada ka hau ka taimake shi, domin nauyinka ne zai iya saukar da ita a kanku duka. Wannan ta ƙarshen ta yi wa ɗana nauyi, tunda mu an rene mu ne a kan cewa ba ka barin ɗan'uwa cikin wahala kana kallo. Malaminsu ya nuna musu cewa tsayawar a ƙasa da shebur a hannu ita ce taimakon.

Sai kaya uku da ba a fita sai da su: na'urar gano wanda ƙanƙara ta rufe, wadda ake ɗaurawa a jiki a cikin riga, da sanda mai naɗewa ta lalube, da shebur na ƙarfe a cikin jakar goyo, ba a ɗaure a jikin babur ba, tunda babur na iya binnewa a wani wuri dabam. Har wayar hannu an ce a nisanta ta da na'urar don kada ta rikita siginar. Binciken da aka yi a Kanada ya nuna cewa bayan minti 10 na farko damar fito da mutum da rai tana raguwa da sauri, kuma babu jirgi mai saukar ungulu da zai iso a wannan ɗan lokaci. Abokan tafiyarka ne kawai. Tun daga nan ɗana ya daina fita da wanda bai yi darasin ba, ko da kuwa amininsa ne, har an ɗan yi ɓacin rai a kan haka.

Rabona ni da ke gida shi ne hasashen da kuke fitarwa kullum a avalanche.ca, kyauta, da matakansa biyar: kore, rawaya, ruwan lemo, ja, da baƙi. Da ni ce, ja da baƙi kawai zan ji tsoro. Ku kuka fahimtar da mu cewa an fi mutuwa a mataki na uku, domin ranar ja kowa na zaune a gida, ranar ruwan lemo kuwa rana ta fito, sabuwar ƙanƙara na ƙyalli, mutum ya ce ai ba komai. Yanzu idan ya ce gobe za su fita, ba na tsayawa ga “Allah ya kiyaye” kaɗai. Ina tambayarsa mataki nawa aka ba saman dutse, wane ɓangare aka ce iska ta tara ƙanƙara, kuma filin da za su na mai sauƙi ne, ko mai ƙalubale, ko mai sarƙaƙiya, bisa ma'aunin da hukumar Parks Canada ta fito da shi a 2004. Wani lokaci yakan yi dariya ya ce, “Umma, ke ma sai ki je ki karɓi takardar shaida.” Amma yana amsawa, kuma yana barin bayanin inda za su, da su wa, da lokacin da idan ya wuce ba a ji su ba za a kira 911. Mun kuma san cewa masu ceto a Birtish Kolombiya 'yan sa-kai ne kuma ba sa karɓar ko sisi, saboda haka babu dalilin jinkirta kira don tsoron kuɗi. Da yamma, in sun dawo, yakan tura hoto da bayanin abin da ya gani a shafinku na Mountain Information Network don masu fita gobe su amfana.

Ba na cewa haɗari ya ƙare. A ranar 29 ga Janairun 2016 masu babur biyar daga Alberta sun rasu a Renshaw, kusa da McBride, kuma har yanzu ba na samun natsuwa sai na ji muryarsa da daddare. Na ji daɗi da gwamnatin tarayya ta ba ku dala miliyan 25 a 2019, domin a ganina aikin da rayuka suka dogara da shi bai kamata ya riƙa jiran gudummawar shekara-shekara ba.

Roƙona ɗaya ne. Akwai baƙi da yawa irinmu da aiki ya kawo Alberta da Birtish Kolombiya daga ƙasashen da ba a san ƙanƙara ba, 'ya'yansu kuma suna tasowa da abokan da ke da babura. Iyayen nan ba su san akwai ofishi irin naku ba, balle su san abin da za su tambaya. Idan za ku riƙa turo wani daga cikin malamanku zuwa cibiyoyin karɓar baƙi da masallatai da majami'u kafin hunturu ya kama, ko da na awa ɗaya ne, ni zan fara tara matan unguwarmu.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ma'aikatanku da ke fita duwatsu.

Taku,
Wata uwa daga Calgary, Alberta.