Wasiƙa zuwa ga aminina a Alƙahira, kan Jurji Zaidan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina fatan karatu yana tafiya yadda ake so. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi a saƙonka na ƙarshe, cewa bai kamata ɗalibin tarihi ya ɓata lokacinsa a kan ƙagaggun labaran Jurji Zaidan ba. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina ganin ka yanke wa mutumin hukunci tun kafin ka duba girman aikin da ya bari.

An haife shi a Bairut a 1861, a gidan talakawa Kiristoci, kuma tun yana yaro yake taya mahaifinsa aiki a wurin sayar da abinci. Da ƙoƙarin kansa ya shiga makarantar likitanci a 1881, amma rikicin da ya ɓarke a makarantar a shekarar da ta biyo baya ya raba shi da wannan karatu, ya nufi Masar. A 1892 ya kafa mujallar Al-Hilal a garin da kake zaune yanzu, kuma shi ne ya riƙe ta har rasuwarsa a 1914. A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Tarihut Tamaddunil Islami, wato tarihin wayewar Musulunci, mai juzu'i 5, ya rubuta tarihin adabin Larabci mai juzu'i 4, wanda kai da kanka ka sha dogara da shi, sannan ya fitar da ƙagaggun labarai fiye da 20, mafi yawansu a kan tarihin Musulunci, tun daga zamanin buɗe garuruwa har zuwa zamanin sarauniyar Masar Shajaratud Durr. Mutumin da ya yi wannan duka kafin ya cika shekara 53 ba wanda za a kawar da hannu ɗaya ba ne.

Na san inda ka fi kafa hujja, wato labarin Abbasa, 'yar'uwar Haruna Rashid, wanda ya fito a 1906. Zaidan ya gina shi ne a kan zancen auren sirri tsakaninta da waziri Ja'afar Barmaki, ya mayar da shi sanadin halakar gidan Baramika, alhali kuwa Ibn Khaldun ya riga ya yi watsi da wannan zance a Muƙaddimarsa, ya nuna cewa abin da ya jawo musu fushin halifa shi ne yadda suka mamaye mulki da dukiya. A nan ina tare da kai, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin mai karatun da bai san komai ba zai rufe littafin yana ɗauke da labarin soyayya a matsayin dalilin tarihi. Haka kuma ban manta da raddin da Shibli Nu'mani na Indiya ya yi masa ba, inda ya zarge shi da rashin adalci ga Larabawa da Banu Umayya.

Sai dai ka duba waɗanda ya rubuta dominsu. Malamai suna da Ɗabari da Ibnul Asir, amma ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis da matar da ke cikin gida ba za su buɗe waɗannan manyan littattafai ba. Zaidan ya gane haka, sai ya riƙa fitar da labaransa kashi-kashi, ya sa saurayi da budurwa a gaba domin su ja mai karatu, yayin da yaƙe-yaƙe da fadoji da kasuwanni da tufafin mutanen zamanin suke wucewa ta gabansa har su zauna masa a kai. Ƙanena, wanda ba ya iya zama da littafin tarihi, ya karanta labarin buɗe Andalus a 'yan kwanaki, kuma daga nan ne ya fara tambayata wane ne Ɗariƙu bin Ziyad da Musa bin Nusair, har na kai shi ga littattafan asali. Wannan amfani ne da ba zan iya musantawa ba.

Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne abin da ya faru a 1910, lokacin da Jami'ar Masar ta gayyace shi ya koyar da tarihin Musulunci, ya shirya darussansa, sannan aka janye gayyatar saboda ƙorafin cewa shi Kirista ne. Bai ajiye alƙalami ba, domin bayan wannan ne ya fitar da tarihin adabin da muke amfana da shi har yau. Ana iya yi masa gyara, kuma ya kamata a yi, amma da hujja, littafi da littafi, kamar yadda Shibli ya yi.

Ina roƙonka, idan ka sami sarari, ka nemo mini labarinsa na Salahuddin da na Abu Muslim Khurasani, ka ba wa duk wanda zai taho gida. Ka fara karanta ɗaya daga ciki kafin ka aiko, sannan ka rubuto mini wuraren da ka ga ya kauce wa tarihi, mu tattauna su ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Wassalam,
Naka amini.